Injin Guggurun Baba Ba Na 'Yan Gwangwan Ba Ne



Makon jiya wani ɗan gwangwan ya shigo gidanmu a Nassarawo, ya hangi tsohon injin guggurun Baba a zaure, ya ce a ɗora masa a sikeli. Yayana ya ce a sayar, ai cin wuri kawai yake yi. Ni kuwa na ce ban yarda ba, har muka ɗan yi sa-in-sa.

Ga dalilina. Baba daga Kano ya zo Jimeta yana saurayi, ba shi da ko rumfa. Gugguru da gyaɗa ya fara sayarwa a ƙofar silima da tashar mota, yana soyawa a tukunya da yashi mai zafi. Da ya tara ɗan jari sai mai walda ya ƙera masa wannan injin: akwatin gilashi, tukunya mai murfi, da mariƙin juyawa. Da ribarsa ya kama shago a kasuwa, da ita muka yi makaranta.

Shi kansa injin gugguru yana da tarihi. Wani Ba'amurke mai sayar da alewa, Charles Cretors, ya sayi injin suyar gyaɗa bai ji daɗin aikinsa ba, sai ya shiga gyara shi. A 1885 ya kafa sana'arsa a Chicago, ya ƙera injin da tururi ke juyawa, mai soya masara cikin mai. A 1893 ya kai shi babban baje kolin duniya na Chicago a kan amalanke, ƙamshi ya janyo masa jama'a. Lokacin karayar arziki na shekarun 1930 gugguru ya shiga gidajen silima, don ko talaka yana iya saye. Kun ga ashe can ma da gyaɗa da silima aka fara.

Yau a garin Marion na jihar Ohio akwai gidan tarihi na tsofaffin injinan gugguru, an goge su an jera. Mu kuma namu muna sayarwa a kan kilo, bayan mu baƙi ne da ba mu rubuta labarin zuwanmu ba. In kayan suka tafi, me za mu nuna wa 'ya'yanmu?

Na kankare tsatsar, na sa masa mai. Ku ma ku duba zaurenku kafin ɗan gwangwan ya riga ku.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.