Paris-Dakar Rally: wasan kwamfutar da ya kwaikwayi tseren hamadarmu

Jama'ar Damargu, daga Tanut har Belbeji, dattawanmu ba su manta da tseren Paris-Dakar ba. Bafaranshe Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro shi, aka tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978. A shekarun 1980 tseren ya sha ratsa Nijar, yana ya da zango a Agadas da Damagaram, biranen da hanyarmu ta Tanut ta haɗa.

Daga wannan tsere aka samo wasan bidiyo mai suna Paris-Dakar Rally. Kamfanin Broadsword Interactive na Birtaniya ne ya tsara shi, Acclaim na Amurka ya fitar da shi a 2001, don PlayStation 2 da kwamfuta.

Yaya ake buga shi? Mai wasa zai zaɓi abin hawansa, mota ko babur, har da babur mai ƙafa huɗu. Sai ya bi zango bayan zango cikin rairayi da duwatsu, yana tsere da agogo. In ya kauce hanya, lokaci ya tafi.

To, ya ya karɓu? Gaskiya masu sharhin wasanni ba su yaba masa sosai ba. Sun koka da wuyar sarrafa abin hawa da raunin hotuna. Ga shi kuma ya tarar da Colin McRae Rally, wanda Codemasters ya fitar tun 1998, ya riga ya kama zukatan masoya irin wannan wasa. A 2003 Acclaim ya sake fitar da Dakar 2, wanda ya ɗan fi na farkon samun yabo.

Shi kansa tseren na gaske ya bar mu. A 2000 an kwashe ƴan tsere ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro. An soke na 2008, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

Abu ɗaya muke so matasanmu masu babura su riƙe. A wasa, in ka kife, maɓalli ɗaya za ka danna ka sake. A tseren gaske an rasa rayuka, har da yaran ƙauyuka da motoci suka banke. Sabine kansa ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986. Hanyar Tanut ba ta da wancan maɓalli. Allah ya kiyaye mu.