Daga Dorugu zuwa na'ura mai magana: wa zai koya mata Hausar Gazawa?



Kwanan baya a gidan rediyo munka so mu rage ma kanmu aiki. Muna da labarin kasuwa da za mu mayar da shi Faransanci, sai wani ƙanenmu ya ce mu gwada wata manhajar fassara ta cikin salula. Munka rubuta mata cewa tiyar hatsi ta kai ɗari. Ta ba mu 100 cif. To, duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Gazawa ya san ɗari dala ɗari ce, wato sefa 500. Munka rubuta cewa an kai yaro likita, ta ɗauka wajen wani mutum anka kai shi, alhali mu nan likita ita ce asibiti. Gujiya kuwa, ba ta gane gyaɗa muke nufi ba.

Mun yi dariya, amma daga baya abin ya tsaya mana a rai. Na'urar iyakar abin da anka koya mata ta sani. Sai munka tambayi kanmu: wa ya koya mata, kuma da Hausar wane gari? Amsar tana da tarihi mai tsawo, kuma wani yanki nasa ta ƙofar garinmu ya bi.

A watan Janairun 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdul Karim, ya taso daga Tasawa ya yada zango a Gazawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Duk inda ya sauka yana rubuta kalmomin mutane cikin littafinsa. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu, wanda anka taɓa kamawa bawa kafin a ƴanta shi. A Ingila wani ɗan mishan, Schön, ya zaunar da yaron nan yana magana shi kuma yana rubutawa: labarin rayuwarsa, tatsuniyoyi, kalmomi. Da taimakon bakin Dorugu Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, sannan littafin Magana Hausa a 1885. Ku lura da kyau: Hausar da Turawa sunka fara karatu da ita, babban rabonta daga bakin yaron ƙasarmu ya fito, amma sunan da ke bayan littattafan na wani ne.

Ba wai kafin nan ba mu rubutu ba. Malamanmu sun daɗe suna ajami, kuma irin su Nana Asma'u sun bar waƙoƙi da Hausa. Sai dai da mulkin mallaka ya zo, iyaka ta raba mu biyu. A can kudu, Ingilishi sunka ɗauki boko da gaske. Hanns Vischer, wanda ake ce ma Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutu a 1912, ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939. Hausar Kano ta zama ma'auni. A nan wajenmu kuwa, lakkal ta Faransa ba ruwanta da Hausa. Mu da munka yi kwaleji da lise mun san haka: mun iya rubuta wasiƙa da Faransanci ba kuskure, amma mu rubuta ma tsohuwarmu layi biyu da harshen da ta raine mu da shi, sai mu yi ta kame-kame.

An yi ƙoƙarin gyara. An zauna a Bamako a 1966 kan rubutun harsunan Afirka, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, kuma a 1999 gwamnatinmu ta tsaida ƙa'idar rubutu a hukumance. Har yanzu akwai ɗan bambanci: mu ƴ muke rubutawa, su kuma 'y. Amma ƙa'ida tana cikin takarda, hannunmu bai saba da ita ba. Ku duba saƙonninmu: “tchikin”, “ina kouana”, “zoua”. Ga na'ura, wannan kamar wani harshe ne daban.

Sannan kwamfuta ta zo. Tun 1991 tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa cikin na'ura, ya tanadi gurbin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ko da yake an ɗauki shekaru kafin mu same su cikin salularmu. A Disamban 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara. Facebook ya biyo baya a 2016. A 2022 kamfanin Meta ya fitar da na'urar fassara ta harsuna 200 har da Hausa, kuma a Nuwamban shekarar ChatGPT ya bayyana, duniya ta ɗauki zancen ƙirƙirarriyar basira, wadda ƴan lakkal ke ce ma IA.

Yadda abin yake aiki ba tsafi ba ne. Ana ɗura ma na'ura rubutu mai tarin yawa, tana lura da wace kalma ke bin wace, har ta iya haɗa zance da kanta. Ba ta taɓa zuwa kasuwa ba, ba ta taɓa riƙe dala ba. To, wace Hausa ce ke intanet a rubuce? Galibi labaran BBC da Muryar Amurka da DW da RFI, jaridun Najeriya, littattafan addini da Wikipedia ta Hausa. Tamu fa? Tamu tana cikin iska: shirin rediyo da ke wucewa, saƙon murya na WhatsApp da ake gogewa in salula ta cika.

Kada mu ɗora ma ƴan uwanmu na Kano laifi. Sun yi aikinsu. Tun 2019 masana ƴan Afirka sunka kafa ƙungiyar Masakhane don harsunan nahiyar su shiga na'ura ta hannun masu su, kuma akwai ƙungiyar HausaNLP, wadda malaman jami'o'in arewacin Najeriya ke ciki, suna tattara rubutu suna tantancewa. Ƙofa a buɗe take. Mu ne ba mu cika zuwa ba.

Muna da uzuri, gaskiya. Matashin da ke son koyon ƙera manhaja a Agye ko Gidan Runji yana fama da tsadar mega, da rezo mai zuwa yana ɗaukewa, da kuran. Mu ƴan Gazawa mun fi kowa sani, tunda layin wutar da ke fitowa daga Katsina nan yake sauka kafin a raba shi Maraɗi da Damagaram. Da anka katse shi a Agustan 2023 bayan takunkumin CEDEAO, cajin salula ma sai da ya zama aiki.

Amma lokaci ba ya jiran uzuri. A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan takardu masu yawa za su buƙaci fassara, kuma ma'aikacin da aiki ya yi ma yawa salula zai jawo. In na'ura ta rikita dala da sefa a takardar bashin manoma, ko ta ba mai gujiya shawarar da ta dace da kwaruru, asarar a kan talaka za ta faɗa.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. Mu sa allon rubutu mai haruffan Hausa a salula, mu bar “tch” da “ou”. Mu rubuta Hausarmu yadda muke faɗinta, da hatsinmu da jikarmu da tiyarmu, ba sai mun aro bakin wani gari ba. Mu ma'aikatan rediyo mu daina goge shirye-shirye, mu adana su, mu mayar da wasu rubutu. Masu ɗan hali su ba da muryarsu a dandalin Common Voice, inda ake tattara muryoyin Hausa. Duk fassarar da na'ura ta yi, mutum ya karanta kafin a sa hannu. In kuma za mu ɗauki muryar dattijo ko tsohuwa, mu nemi yardarsu, mu gaya musu inda za ta je, mu rubuta sunansu da garinsu. Darasin Dorugu ke nan.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku rubuto mana kalmomin garinku da kunka san ba a faɗinsu haka a wani wuri, da ma'anarsu. Za mu tattara su, mu karanto su a shiri da sunan garin da sunka fito.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi ba ƙasarmu lafiya.