Lamba 18,446,744,073,709,551,615 da lambobin da ke raba ta

Wannan lamba mai alƙaluma 20 ita ce jimlar da ake samu idan aka fara da ɗaya ana ninkawa har mataki 64. A ƙarni na 13, masanin tarihi Ibn Khallikan ya kawo labarin ƙwayar alkama da ake ninkawa a gidaje 64 na allon darar Indiya.

A ɗauka ɗan kasuwa ya ajiye naira ɗaya ranar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci, kuma kowace Juma'a yana ninka abin da ya ajiye a makon baya. Zuwa Juma'a ta 20 ya tara naira 1,048,575. Zuwa ta 64 ya kai wannan lamba, adadin da ya zarce duk kuɗin duniya. Nan ne ƙaryar masu alƙawarin ninka jari take ƙarewa.

Lambar mara ce, kuma tubalanta bakwai ne, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Gaba ɗaya lambobi 128 ne ke raba ta ba tare da saura ba.

Idan aka ninka 641 sau 6,700,417 za a sami 4,294,967,297, wadda Fermat na Faransa ya zaci ba ta rabuwa. Euler ya gano kuskuren a 1732, shekarar da Muhammad al-Katsinawi ya yi rubutunsa kan hatimin lambobi.

Ita ce kuma lamba mafi girma da gurbin kwamfuta mai bit 64 ke iya ɗauka.