Lalurar Galahanga: Bayani Ga Iyaye da Ma'aikatan Panshekara da Kewaye

Galahanga lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro take bunƙasa, kuma takan bayyana tun kafin ya cika shekara uku. Likita Leo Kanner na Amurka ne ya yi bayaninta dalla-dalla a shekarar 1943. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga watan Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kan jama'a game da ita.

Alamominta

Yaro yakan yi jinkirin magana, ko ya ƙi haɗa ido da mutane, ko a kira sunansa bai waiwayo ba. Wani yakan yi ta maimaita motsi ɗaya, kamar kaɗa hannu ko jujjuyawa, kuma sauyin abin da ya saba yakan tayar masa da hankali. Ƙara mai ƙarfi takan dame su ainun, abin lura ga iyalan da ke zaune daura da masana'antun Challawa da Sharada, inda rugugin injuna da manyan motoci ba ya yankewa. Lalurar hawa-hawa ce: wasu suna buƙatar kulawa har tsawon rayuwarsu, wasu kuwa sukan yi karatu mai zurfi su kama sana'a.

Musabbabinta

Bincike ya nuna cewa gado yana da babban tasiri. Ba a ɗaukarta daga wani, ba sammu ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta haddasa ta.

Taimakon da ake buƙata

Babu maganin da ke kawar da ita, amma koyar da magana da dabarun zaman yau da kullum tun da wuri yana kawo sauƙi mai yawa. Muna shawartar iyaye da su kai yaro asibiti da zarar sun ga alamu, inda za a iya tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Iyayen da ke aikin dare a kamfani su yi ƙoƙarin tsayar wa yaro lokacin ci da na barci, su kuma sanar da mai kula da shi halinsa.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta haramta tauye musu haƙƙin karatu da na aiki. Don haka muna kira ga malamai, masu unguwanni da masu masana'antu da su ba su dama, iyaye kuma su guji kulle su a ɗaki, ko ɗaure su, ko dukansu.