Allurar tamoji, daga asibitin ido zuwa Ɗan Barto

Asalin Botox guba ce daga ƙwayar cutar gurɓataccen abinci, tana tsayar da motsin tsoka. Likitan ido Alan Scott ya fara yi wa masu harara-garke ita. Amurka ta amince da hakan a 1989, sai a 2002 ta yarda a yi ta don tamojin tsakanin gira. Yamushewar ƙirji ba ta cikin wannan izini. Aikinta wata 3 zuwa 4 ne, kuma a firji ake adana ta.

Zancen firjin nan ke damuna. Kwalbar da za ta taso daga Kano, ta bi Daura da Kwangwalam da zafin bazara, wa zai tsaya mata? A Amurkar ma jabunta ta kwantar da mata asibiti a 2024, ga 'yan matanmu suna kallon tallarta a TikTok.