Illela da Ƙonni: Hausa Ɗaya, Alamun Zance Biyu

Tsakanin Illela ta Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni na Jihar Tawa tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Hausa ɗaya ake yi, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna. Amma ka ba ɗan makarantar Illela alƙalami ya rubuta maganar wani, zai sa ta cikin “waɗannan” alamu. Takwaransa na Ƙonni kuwa « waɗannan » ya sani, har da ɗan fili tsakanin alama da kalma. Shatar iyaka ce ta haifar da wannan bambanci.

Kafin zuwan Turawa malaman ƙasar Hausa ba su san ko ɗaya daga cikin alamun biyu ba, amma suna da hanyar raba maganarsu da ta wani. Duk wanda ya yi karatun littattafan Larabci a zaure, irin na Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello, ya san tsarin. Marubuci zai ambaci mai magana da littafinsa, ya kawo zancen, in ya kai ƙarshe ya rubuta “intaha”, wato nan maganarsa ta tsaya. Abin da ya biyo baya nasa ne, shi zai ɗauki nauyinsa. A Hausar baka ma akwai “in ji wane” ga zancen da aka san mai shi, da “wai” ga wanda mutum ba ya son a kama shi da shi. Amanar zancen mutane tsohuwa ce a nan, alamar ce baƙuwa. Ko Larabawa sai a 1912 Ahmad Zaki Basha na Masar ya tsara musu alamomin rubutu na zamani.

A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi wa Ƙonni mummunar ɓarna, a Maris na 1903 kuma Ingila ta ci Sakkwato. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka daidaita iyaka, aka bi ana kafa turaku har 1908. Daga nan kowane ɓangare ya bi makarantar mai mulkinsa. A gefen Nijeriya, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shehu Umar, sannan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939. Ta irin waɗannan littattafai da jarida ne idon mai karatun Hausa ya saba da alamun zance na Ingilishi.

Sai dai masu Ingilishin su ma bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma gardamar tasu muka gada. Ga jimla: Malam ya kira shi “haziƙi”. A tsarin Ingila aya tana waje, domin kalma ɗaya tak aka ɗauko daga bakin malam, ayar kuwa ta marubuci ce. A Amurka za a rubuta: Malam ya kira shi “haziƙi.” Aya da waƙafi ciki suke shiga ko da mai maganar bai tsaya a wurin ba, saboda maɗaba'un can sun ga hakan ya fi kyan gani a shafi. A 1906, shekarar da ake ƙulla batun iyakar nan, wasu 'yan'uwa biyu masu suna Fowler suka fitar da littafinsu a Ingila suna kare bin ma'ana, a shekarar kuma Jami'ar Shikago ta fitar da kundin ƙa'idojinta wanda har gobe shi ne madogarar maɗaba'u da yawa a Amurka. Kan alamar tambaya dai sun yarda da juna: in mai maganar ne ya yi tambaya ta shiga ciki, in marubuci ne ta tsaya waje.

Ɗalibin Illela yana tsakiya. Makarantarsa gadon Ingila ce, amma wayarsa da kwamfuta da yawancin abin da yake karantawa a intanet na Amurka ne. A ganina tsarin bin ma'ana ya fi dacewa da mu, domin shi ne jikan “intaha”: abin da wane ya faɗa a ciki, abin da na ƙara a waje. Ga ɗan jarida ko magatakardan kotu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wurin da ya kamata mu saɓa wa Ingila, duk da haka. Maɗaba'unta sun fi son alama mai ƙwaya ɗaya, ita kuwa Hausar Nijeriya cike take da ɗan waƙafin nan na sama, a cikin sa'a da jama'a da 'ya'ya. Gwada rubuta ‘'Ya'yana sun zo’ ka ga yadda ido ke rasa inda zance ya fara. Mai ƙwaya biyu ita ke raba gardama. Nijar ta kauce wa rabin matsalar da ta ɗauki harafin ƴ, tana rubuta ƴaƴa, ga kuma alamunta na Faransanci da ba sa kama da komai a cikin kalma.

An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa, amma hankali ya fi karkata ga haruffa da rabon kalmomi. Yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, takardun Hausa za su ƙara yawan ƙetare iyakar Illela, kuma masana na Sakkwato da Kano da Yamai suna da aikin zama su tsayar da alamar zance ɗaya da wurin da aya za ta zauna.