Yadda Ƙashi Yake Zama Dutse Mai Walƙiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban maƙerin tukwanen alminiyam, a Kurni ko a Matamai, ya riga ya ga rabin labarin nan. Maƙeri yakan danna tsohuwar tukunya cikin jiƙaƙƙen yashi, ya zare ta, ya kwarara narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Sabuwa ta fito da kamannin tsohuwa har kunnuwa. Haka ƙasa take yi da ƙasusuwan wasu dabbobin da suka shuɗe, sai dai zubinta yana cin shekaru miliyoyi, kuma abin da take zubawa shi ne ofal, dutsen ado mai sauya launi kamar bakan gizo.

Ostireliya ce gidan wannan abu. Sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, wani teku mara zurfi mai suna Eromanga ya rufe tsakiyar ƙasar, dabbobi suka mutu cikin laka. Da tekun ya janye, ruwa mai tsami ya riƙa ratsa duwatsu yana narkar da silika, sinadarin da shi ne jigon rairayi. Ruwan ya cinye wasu ƙasusuwa da bawon koɗi, ya bar gurbi. Silika ta taru a ciki kamar kamu a ƙasan ƙwarya, ta daskare da ɗan ruwa a jikinta. A shekarun 1960 masana suka gano sirrin launin: ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, idan girmansu ya zo ɗaya suka jeru sahu-sahu, sai su tarwatsa haske zuwa ja da kore da shuɗi. In sahun ya karkace, dutse ne kawai marar walƙiya, kuma mafi yawa haka suke.

A 1987 wani mai haƙa a Coober Pedy ya ci karo da ƙwarangwal ɗin wata dabbar teku da ya koma ofal, har da ragowar kifin da ta haɗiya a cikinta. Aka laƙaba mata suna Eric. Da aka ji tsoron za a sayar da ita waje, jama'a suka yi karo-karo a 1993, har da ƴan makaranta, aka ajiye ta a gidan tarihi na Sidni. A ganina wannan karo-karon ya fi dutsen ban sha'awa, domin ƙashin ofal da yawa a hannun masu yanka duwatsun zobe ya ƙare.

Mu ma muna da namu, kuma kusan sa'o'in juna ne. A Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, masu neman yuraniyam suka ga ƙasusuwa shimfiɗe a kan rairayi, sai Bafaranshe Philippe Taquet ya fara tono a 1965. Daga nan aka samu kadan nan Sarcosuchus mai tsawon sama da mita 9, da dinoso Ouranosaurus nigeriensis da aka raɗa wa suna a 1976. A 1999 Paul Sereno na Amurka ya bayyana Nigersaurus, dinoso mai haƙora fiye da 500, wanda ya rayu shekaru miliyan 110 da suka wuce, lokacin da Tenere take da koguna da kurmi. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana nuna irin waɗannan ƙwarangwal.

Namu ba sa walƙiya. A nan ma'adinai sun shiga ramukan ƙashi ne suka ƙarfafa shi, ba su maye gurbinsa da ofal ba. Amma silikar ta yi aiki a wani wajen: a yankin Tigidit akwai kututtukan itatuwa da suka koma dutse, zanen itacen yana nan, sai ka ɗaga ka ji nauyi. Ofal mai launi kuwa, a nahiyarmu, Habasha ce ta yi suna da shi, tun da aka gano na yankin Wollo a 2008, cikin tokar tsofaffin duwatsu masu aman wuta.